Da Alƙalami Aka Kashe Jirgin Carhaix

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata magana da muke yawan ji a ɗakunan lacca da ofisoshi, har ta zama kamar karatun da ba a yi wa musu, wato wai duk abin da ba ya kawo riba a rufe shi. Mai faɗin wannan magana yakan gyara zama, ya ɗaga gira, ya ce ai haka Turawa suke yi, shi ya sa suka ci gaba. To, tunda da Turawa ake kafa mana hujja, bari mu je can ƙasar tasu mu duba abin da wannan karatu ya haifa. Zan ba ku labarin wani layin dogo na karkara a ƙasar Faransa, yadda aka gina shi a ƙuntace, aka bar shi da yunwa, daga baya aka zo da takarda aka ce ciwo ne ya kashe shi. Ni kuwa cewa nake yi kashe shi aka yi, kuma waɗanda suka kashe shi mutane ne irinmu, masu ilmi da takardun shaida, suna zaune a ofis.

A can kusurwar arewa maso yammacin Faransa akwai wani yanki da ake kira Bretagne, wanda ya miƙa cikin teku kamar hannu. Kada a rikita shi da Birtaniya ta Ingilishi, ko da yake kakannin mutanensa daga can suka ƙetaro. Suna da harshensu na kansu wanda ba Faransanci ba, kuma a ƙarni na 19 yawancinsu manoma ne da masunta. Bakin tekun yana da albarka, amma tsakiyar yankin tuddai ne da ƙasa mai tsami wadda ba ta ba da amfani sai an zuba mata farar ƙasa. Lokacin da Faransa ta tsara hanyoyin jirginta da dokar 1842, ta zana su ne kamar tauraro, kowane layi ya taso daga Faris. Jirgi ya isa Rennes a 1857, ya isa Quimper a 1863, ya isa Brest a 1865. Layi ɗaya ya bi gaɓar arewa, ɗaya ya bi gaɓar kudu, mutanen tsakiya kuwa aka bar su da keken doki da taɓo.

Sai bayan da Jamusawa suka ci Faransa da yaƙi a 1870 zuwa 1871 sannan mahukunta suka tuna akwai mutane a karkara. Sabuwar jamhuriya tana neman ƙuri'un manoma, tana kuma son hanyar da za ta kwashi soja da sauri. Ministan ayyuka, Charles de Freycinet, ya kawo shirinsa, majalisa ta zartar a 1879: sababbin layuka 181, tsawonsu kusan kilomita 9,000, da nufin kowace hedikwatar gunduma ta ji kukan jirgi. A cikin wannan rabo ne tsakiyar Bretagne ta sami nata kason. An ba kamfanin jirgin yamma aikin, shi kuma da ya duba ya ga ba wata riba mai tsoka a cikin daji, sai ya miƙa gudanarwar ga wani ƙaramin kamfani wanda sunansa ma yake nufin jiragen ƙasa masu arha.

A nan aka yi kuskuren farko, in ma kuskure ne. Manyan layukan Faransa faɗinsu tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita 1.435 ne. Na tsakiyar Bretagne kuwa aka ce mita 1 ya ishe su, domin siririn dogo ya fi sauƙin kuɗi: yana iya lanƙwasa ya zagaye tudu maimakon a fasa dutse, gadojinsa ƙanana ne, taragunsa marasa nauyi. A takarda wannan hikima ce. Amma ku dubi abin da take nufi a ƙasa. Taragon ƙaramin layi ba ya hawa babban layi. Saboda haka duk buhun dankali, duk saniya, duk dutsen rufin ɗaki da aka haƙo a tsakiyar yankin, idan ya iso mahaɗa kamar Guingamp ko Morlaix ko Rosporden, dole a sauke shi a sake loda shi cikin wani tarago. Takin da ke shigowa ma haka. Kowace saukewa kuɗi ce, ɓata lokaci ce, asara ce. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Kuɗin da gwamnati ta tsimi ranar gini, manomi ne ya riƙa biyansa a kan kowane buhu har shekara 76.

Duk da wannan tawaya, layin ya yi aiki. Garin Carhaix ne cibiyarsa, inda hannuwa biyar suka rabu. An buɗe na Morlaix a 1891, na Guingamp a 1893, aka miƙa shi zuwa Paimpol a bakin teku a 1894, na Rosporden a 1896. Daga baya aka kai na gabas ta Loudéac, na yamma ta Châteaulin, har ya dangana da Camaret a 1925. Jimla sama da kilomita 400, ɗaya daga cikin mafi girman siraran layuka a Faransa. Jirgin ya kawo farar ƙasa da taki, gonakin da a da sai ciyawa da ƙaya suka fara ba da alkama da dankali. Ya fitar da shanu da aladu zuwa kasuwannin birni. Carhaix, wadda ƙaramar kasuwa ce a da, ta zama garin ma'aikatan reluwe, da ma'aikatar gyaran kan jirgi, da direbobi da masu zuba kwal da maƙera da akawuna, kowa da iyalinsa da albashinsa.

Ba zan yi muku ƙarya in ce alheri zalla jirgin ya kawo ba. Hanyar da taki ya shigo, ta nan samari da 'yan mata suka fita. Dubbai sun sauka a tashar Montparnasse a Faris, maza suka zama leburori, mata suka zama 'yan aikin gida, har mutanen birni suka mai da 'yar aikin Bretagne abin dariya a zanen barkwanci. A 1914 jirgin ne ya kwashi samarin ƙauyuka zuwa fagen fama, da yawansu ba su dawo ba. Kuma tare da makarantar da ke hukunta yaro idan ya yi harshen uwarsa, jirgin ya taimaka wa Faransanci ya danne harshen yankin. Wannan duk gaskiya ne. Amma ku lura da abin da ya biyo baya. Bayan an kwashe mutanen yanki an kai birni, sai a dawo a ƙirga waɗanda suka rage a ce sun yi kaɗan, ba su cancanci jirgi ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Daga 1930 zuwa sama mota ta fara cin kasuwar jirgi. A 1938 aka haɗa manyan kamfanonin jiragen ƙasar wuri ɗaya aka kafa SNCF, kuma cikin 1938 da 1939 kaɗai aka daina ɗaukar fasinja a kan kusan kilomita 10,000 na layukan Faransa, da sunan daidaita jirgi da mota. Kalmar tana da daɗin ji, amma ma'anarta ita ce jirgi ya kauce mota ta wuce. Bayan yaƙin duniya na biyu aka zuba kuɗi a manyan layuka, aka sa musu lantarki, aka ƙara musu gudu. A 1947 wani masanin labarin ƙasa, Jean-François Gravier, ya fitar da littafin da sunansa ke nufin Faris da hamadar Faransa, inda ya nuna yadda babban birnin yake tsotse sauran ƙasar. An karanta littafin, an yaba, an kafa kwamitoci. A tsakiyar Bretagne kuwa, ko da yake an kawo ƙananan jiragen dizal na fasinja, tsofaffin kawunan jirgi masu tururi ne suka ci gaba da jan kaya a kan siririn dogon da aka shimfiɗa tun zamanin kakanni.

Ga yadda ake yin kisan, ku riƙe shi da kyau domin za ku gamu da shi a fayil wata rana. Da farko a rage kuɗin gyara. Dogo ya tsufa, sai a rage gudun jirgi don kada ya kife. Tafiya ta yi tsawo, sai mai gaggawa ya koma mota. Fasinja sun ragu, sai a soke jirgin safe ko na yamma, a bar wanda lokacinsa bai dace da kasuwa ko makaranta ko babban jirgin mahaɗa ba. Waɗanda suka rage su ma su gudu. Daga nan sai a aiko mai bincike daga hedikwata, ya zauna a tasha ya ƙirga mutum goma, ya rubuta rahoto cewa jama'a da kansu sun guji jirgi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikin rahoton, lissafin daidai yake. Abin da ba a rubuta ba shi ne wanda ya ƙirga gawar shi ne ya hana majinyacin abinci.

Mutanen Bretagne ba su zauna sun naɗe hannu ba. A 1961 manoma suka mamaye ofishin hakimin gwamnati a Morlaix saboda faɗuwar farashin amfanin gona. A 1962 SNCF ta sake tsarin kuɗin dakon kaya, yadda layin da ya fi wuyar gudanarwa zai fi tsada, wato yankin da ya fi nisa da talauci shi zai fi biya. Jama'a suka fito suka tare hanyoyin jirgi, har gwamnati ta ja da baya ta yi wa yankin ragi. Sun ci wannan yaƙi, amma fayil ɗin siririn layi yana nan yana jira. Tun 1953 an daina ɗaukar fasinja a gabashin Loudéac. A 1967 aka yanke hukunci: aka rufe siririn layin baki ɗaya. Aka cire ƙarafa, aka watsa ma'aikata, tashoshi suka zama kufai ko aka sayar da su.

Yanzu bari in saurari abokin gardamata, domin ba wawa ba ne. Zai ce layin yana da jinkiri, yana da lanƙwasa, ƙauyuka sun ragu, babbar mota tana ɗaukar kaya daga ƙofar gona ta kai ƙofar kanti ba tare da saukewa ba, kuma kuɗin jama'a ba ruwan kogi ba ne da za a riƙa zubawa a rami. Na yarda ba kowane reshe ne za a iya ceto ba, na kuma yarda wanda ya ce a riƙe komai kamar yadda yake a 1900 mafarki yake yi. Amma ina da tambayoyi uku da nake so ya amsa mini.

Ta farko: idan ciwon ba shi da magani, yaya aka yi wani sashe ya warke? Reshen Guingamp zuwa Paimpol an ƙara masa ƙarfe na uku tun 1924 don babban tarago ya iya bi, a 1953 ya koma babban layi sosai. Reshen Carhaix zuwa Guingamp, kilomita 53, an faɗaɗa shi a wannan shekara ta 1967 da aka rufe sauran. Waɗannan biyu su ne suka rayu, fasinja suna hawansu har yau. Ashe inda aka kashe kuɗi aka gyara tawayar farko, jirgi ya tsaya da ƙafarsa. Inda aka ƙi, ya mutu. Zaɓi aka yi, kuma wanda ya yi zaɓi ba shi da ikon fakewa da ƙaddara.

Ta biyu: wace hanyar mota ce aka taɓa tambaya ribarta? Jirgi ana ɗora masa kuɗin dogonsa da gadojinsa da ma'aikatansa a littafi ɗaya, a ja layi a ƙasa a ce ga gibi. Kwalta kuwa baitulmali ne ke shimfiɗa ta, yake gyara ta, asibiti ya ɗauki waɗanda suka yi haɗari, kuma ba wanda ya taɓa kiran wannan asara, sai a ce masa raya ƙasa. A watan Fabrairu na 1969, shekara biyu bayan rufe layin, Janar de Gaulle ya tsaya a Quimper ya tabbatar da alkawarin manyan tagwayen hanyoyi ga Bretagne, waɗanda ba a biyan kuɗin bi. An sami kuɗin kwalta a inda aka ce babu kuɗin ƙarfe. Kuma wa aka fara yi wa? Hanyoyin gaɓar arewa da gaɓar kudu, kamar dai yadda aka yi da jirgi shekara ɗari kafin nan. Hanyar tsakiya, wadda ta bi ta Carhaix da Loudéac, har 2019 da alkawarin ya cika shekara 50 ba a gama mai da ita tagwaye ba.

Ta uku: wa ya ƙirga wanda ba shi da mota? Tsohuwar da za ta je asibiti, ɗalibin da zai je kwaleji, lebura mai neman aiki a gari na gaba, ba su da shafi a littafin mai lissafi. Kuma rufe tasha ba ya zuwa shi kaɗai. Idan jirgi ya tafi, ma'aikata su tafi, kanti ya rufe, aji ya ragu, sai wani ofishin ya zo da irin wancan lissafi. A 2008 hukuma ta yanke rufe ɗakin haihuwa da na tiyata a asibitin Carhaix, sai da mutanen gari suka yi makonni suna zanga-zanga, kotu kuma ta soke hukuncin. A 2013 gwamnati ta so ta sa haraji a kan manyan motocin kaya, mutanen yankin suka tayar da ƙayar baya da jajayen huluna, aka yi babban gangami a Carhaix ɗin nan. Wasu a Faris suka ce ƙauyawa ne marasa kishin muhalli. Ni kuwa ina tambaya, wa ya cire musu dogo ya bar su da lori? A Nuwamban 2018 irin wannan fushi ya game ƙasar gaba ɗaya a kan harajin mai, kuma mutanen karkara da ƙananan garuruwa ne a sahun gaba.

Kada a zaci Faransa ta rasa kuɗi ko gwaninta. A 1981 ta buɗe layin jirgi mai tsananin gudu tsakanin Faris da Lyon, duniya ta yi ta sha'awa. A 2017 tafiya daga Faris zuwa Rennes ta koma kamar awa ɗaya da rabi. Amma ƙasar da a wajen 1930 take da layuka sama da kilomita 60,000, manya da ƙanana, yau abin da ya rage mata bai kai 30,000 ba. A Fabrairun 2018 wani rahoto da gwamnati ta sa Jean-Cyril Spinetta ya rubuta ya sake ɗauko tsohuwar waƙa, ya nuna ana kashe kuɗin Turai yuro biliyan 1.7 kowace shekara a kan ƙananan layukan da ke ɗaukar kashi 2 cikin 100 na fasinja. Wannan karon ihun larduna ya sa gwamnatin ta ce ba za ta bi wannan shawara ba. Abin lura kuma shi ne, tun da aka danƙa jiragen yanki a hannun majalisun larduna a 2002, aka ƙara yawan tafiye-tafiye aka sayo sababbin taragu, fasinja suka ƙaru. Layin Nantes zuwa Châteaubriant, wanda aka daina ɗaukar fasinja a kansa a 1980, an sake buɗe shi a 2014 da kuɗi mai yawa. Na Carhaix kuwa, yawancin turbarsa ta zama hanyar masu yawo da keke. Wuri ne mai kyau ga ɗan hutu, amma ba ya kai mai naƙuda asibiti.

Wani zai ce ina ruwanmu da kukan Turawa? Ruwanmu shi ne hannun da ya zana wa Bretagne siririn dogo shi ne ya zana wa ƙasashen da ya mallaka a nan Afirka ta Yamma, da faɗin mita 1 ɗin nan, kowane layi daga teku zuwa inda ake kwasar amfani. Na Kwatano ya tsaya a Parakou a 1936, bai ƙarasa Nijar ba, kayan Yamai da Maraɗi sai a sauke su a sake lodawa a mota, kamar dai dankalin Carhaix a Guingamp. Mu ma nan Ingilishi sun yi mana ɗan siririn layi daga Zariya zuwa Jos don kuza, aka rufe shi a 1957. Wanda ya yi wa ƙauyawan ƙasarsa haka, me kuke tsammanin zai yi wa na wasu? Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Saboda haka maganata da ku ce, ku da gobe za a ajiye wa fayil a kan tebur. Ba na ce ku ƙi lissafi ba, ƙasa ba ta tafiya sai da shi. Cewa nake yi ku yi shi cikakke. Idan an kawo muku takarda an ce tasha kaza ko ɗakin shan magani kaza ba ya biyan kansa, ku tambaya shekara nawa rabonsa da gyara, ku tambaya wa ya rage masa kuɗin, ku tambaya nawa ake kashewa a kan abin da zai maye gurbinsa kuma daga aljihun wa. Ku tashi daga kujera ku je wurin, ku ga waɗanda ke amfani da shi, ku ji ta bakin waɗanda suka daina da dalilinsu. Rufewa aikin rana ɗaya ne, sa hannu ɗaya ya isa. Shimfiɗa layin Bretagne ya ci shekara 34, daga 1891 zuwa 1925. Da gumin talakawa ake biya mana kuɗin wannan karatu, mafi yawansu kuwa mutanen karkara ne. Kada mu fita daga nan mu zama masu ƙirga su don mu ce sun yi kaɗan.